Shekarar da Na Kwashe Ɗakin Baya

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, 'ya'yana da jikokina, sai dai wannan ba tatsuniya ba ce, don mai ita tana raye, ga ta zaune a kan tabarma tana faɗa ana rubutawa. Ban shiga lekkol ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙi ba sai na sallah, amma abin da idona ya gani ban mance ba. Na ji ana cewa a gidan nan wai shekarar da aka kwashe ɗakin baya sai da kakanku ya rantse zai cinna wa kayana wuta sannan na saki. Na ji kuma wai kwana uku na yi ina kuka a kan gwangwanin madara. Duka biyun ƙarya ne. Malam bai taɓa ɗaga mini murya a kan kaya ba. Kuka kam na yi, amma yini ɗaya ne, kuma ba a kan gwangwani ba. To ku saurara ku ji yadda aka yi.

Mun baro ƙauyenmu na ƙasar Damagaram ina da goyon fari, a bayan babbar mota, a kan buhunan gero, muka yi kwana da kwanaki kafin mu hango duwatsun Tamanrasset. Da na gan su na ce wa Malam, garin da ko ciyawa ba ta yarda ta zauna ba, mu me za mu zauna yi? Ya ce in kwantar da hankalina, shekara biyu kacal za mu yi, ya haɗa jari mu juya. Na riƙe maganar nan gam. Ya fara da tebur a kasuwa yana sai da turare da zannuwa, tebur ya zama rumfa, rumfa ta zama kanti. Muka sami gida a unguwar Tahaggart, zaure da ɗaki uku: namu, na yara, da ɗakin baya. Ɗakin bayan nan ya fi kowanne kyau. Ba ya ɗaukar zafi, ba ya ɗaukar ɗari, yana da 'yar taga mai kallon gabas. Amma shekara talatin da ɗoriya ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa kwana a ciki. Kaya ne suke kwana.

Kayan iri biyu ne. Na farko ajiyar mutane. Kun san samarin ƙasarmu da ke zuwa aikin gini. Duk wanda ya sauka daga mota bai san kowa ba, sai a ce masa ya nemi gidan Malam na Damagaram. Ya zo ya ci tuwo, ya kwana biyu a zaure, in ya ji labarin aiki a arewa, can gaba da In Ekker, sai ya zo ya durƙusa a bakin madafa da jakarsa ko buhu ɗaure da igiya.

“Inna, ga ajiya. Wata biyu zan dawo.”

“Allah ya tsare hanya. Kai ta ɗakin baya.”

Wasu sun dawo sun ɗauka. Wasu sun wuce gida ta wata hanya, wasu jandarma suka kwashe su aka mai da su iyaka, wasu kuma shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ni kuwa uwata ta hore ni cewa amana wuta ce: ba a buɗe ta, ba a ara daga cikinta, ba a yar da ita ko da ta ruɓe. Ban iya rubuta suna ba, sai na riƙa ƙulla wa kowace jaka ƙyalle mai launi dabam, na riƙe mai ita a ka. Ja na Mamman ne, shuɗi na Ilu, haka har kusan ashirin.

Na biyu nawa ne, kuma a nan gaskiyar take. Tun watan farko na fara sayen kayan komawa gida. Bargo mai laushi irin na nan wanda ba a samu a ƙauyenmu, cikin ledarsa. Kofunan shayi masu bakin zinariya. Tire, darduma, tukunyar dambu mai hawa biyu, sabulu mai ƙamshi, rigunan yara. Kowane abu da mai shi a zuciyata: wannan na uwata, wannan na ƙanwata Hadiza, wannan na ɗanta Sani. Motoci na tafiya gida kowane mako, direbobin duk 'ya'yanmu ne, amma ko cokali ban aika ba. In kun tambaye ni dalili, ba zan ɓoye muku ba. So nake in kai da hannuna. Na riga na ga ranar a idona: mota ta tsaya gindin tsamiyar kasuwarmu, ana sauke kaya ana ta saukewa ba su ƙare ba, mata na rangaɗa guɗa, ana cewa Habsu ta dawo. Tsarabar da ta zo ta hannun direba ba ta da guɗa. Sau ɗaya na taka ƙauyen a duk shekarun nan, ranar da aka aiko uwata ta rasu, kuma ba a zuwa gaisuwar mutuwa da tsaraba. Na tafi da mayafina, na dawo da mayafina.

Hannun da ya saba ajiye babba, ƙarami ma ba ya iya yarwa. Da ɗakin baya ya cika, sai abin ya malala cikin gida. Ƙarƙashin gadonmu leda ce cikin leda cikin leda. Bayan ƙofar madafa gwangwanayen madara da na tumatir, wankakku, jere har tsayin ƙirjina. A kan rufi jarkokin mai, na ɗaure su da igiya ɗaya, in iska ta taso su yi ta kiɗa har maƙwabta su ɗauka biki ake. A tsakar gida akwai firigon sanyaya ruwa da ya mutu tun babban ɗana bai yi aure ba, na mai da shi ma'ajin makullan da ba a san ƙofarsu ba da murafun da ba su da tukunya. Ni a wurina kowanne da ranarsa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Malam mutum ne mai haƙuri, iyakarsa tsokana. Sai ya buɗe firigon nan ya zaro murfi ɗaya ya juya shi.

“Habsu, wannan na wace tukunya ne?”

“Tukunyarsa tana tafe.”

“To Allah ya kawo ta lafiya. In ta iso a gaishe ta da hanya.”

Haka muke har shekarar da Rakiya ta sami ciki. Ni 'ya'ya maza Allah ya ba ni, huɗu a jere, sai ita ɗaya tilo a ƙarshe. Ta yi aure a Abalessa, mijinta mai lambu ne, yana da dabino da 'yan kadadun albasa. A al'adarmu haihuwar fari gida ake zuwa, uwa ta dafa wa 'yarta ruwa, ta yi mata wanka safe da yamma har kwana arba'in, ta dama mata kunun kanwa. Na yi wa 'ya'yan mutane wannan a Tahaggart ba adadi, yaran da uwayensu ke nesa. Tawa guda ɗaya nake jira tun ranar da aka haife ta. Cikin yana wata bakwai ta shigo taksi ta zo gaishe mu, da kwandon dabino a hannu. Ɗakin yara a lokacin babban ɗana ne a ciki da matarsa da 'ya'yansu. Bayan ta sha ruwa ta dube ni.

“Inna, in na zo ina zan kwanta?”

“A ɗakin baya mana.”

Ta tashi ta je ta tura ƙofar. Ƙofa ta buɗu taƙi ɗaya ta tsaya. Ta ƙara turawa, sai wata naɗaɗɗiyar darduma ta zamo daga sama ta tokare ta. Rakiya ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

“Inna, ko ni kaɗai ba zan shiga nan ba, balle mu biyu.”

“Za a gyara.”

“Tun ina lekkol ake gyarawa.” Ta dawo ta zauna kusa da ni, ta dafa gwiwata. “Kada ki wahalar da kanki. Uwar mijina ta ce in wuri ya yi muku ƙaranci ta share mini ɗaki a can. Har itacen dafa ruwa ta fara tarawa.”

Da zuciya ɗaya ta faɗa, ba gatse. Amma a ce ina raye, ina da hannu biyu, wata ta yi wa 'yata wankan fari, kuma in an tambayi dalili a ce ai gidan uwarta kaya sun cinye? Na ce wa Rakiya ta gaya wa surukarta na gode, ta dafa abinci da itacenta. Wata guda na nema.

Da na dubi ɗakin sai na ɗora laifin duka a kan ajiyar mutane. Malam ya je ya tambayi limamin unguwa. Liman ya ce a yi cigiya Juma'a uku. Wanda ya zo ya ɗauki nasa, wanda aka san garinsu a aika masa, wanda ya ɓace ɓat a buɗe gaban shaidu a yi sadaka da niyyar lada ta same shi. Babban ɗana ya ɗauki muryata a waya ya watsa wa 'yan ƙasarmu. Abin da na ce kaɗan ne: ni ce Inna Habsu ta Tahaggart, duk wanda ya san ya ɗora mini ajiya ya zo ya sauke mini, jika na tafe. Aka ce muryar nan har Agadas ta kai. Mutane suka fara zuwa, wasu da furfura a gemu, kowa na ba da haƙuri. Amma wanda ba zan mance ba shi ne Mamman mai jan ƙyalle. Ranar da ya kawo buhunsa siriri ne kamar karan dawa. Yanzu Alhaji Mamman ne, yana da kantin tayoyin mota, tumbi ya riga shi shiga zaure. Kuma ba wata ƙasa ya tafi ba, yana nan. Shekara goma yana ƙetaren kwari a cikin garin nan, kowace Sallah yana zuwa gaishe ni da cinyar rago. Ni ban taɓa tuna masa ba, don ba a ce wa mai ajiya zo ka ɗauki kayanka, kamar an gaji da shi.

“Inna, wai ni ma an ce ina da ajiya?”

“Ga ta nan. Yadda ka ɗaure ta haka take.”

Ya kwance igiya a tsakar gida, jama'a na kallo. Ya zaro wando biyu da siminti ya ƙame su, ya ajiye ɗaya a ƙasa ya tsaya da ƙafafunsa kamar da mutum a ciki. Ya zaro cokalin gini mai tsatsa, takalmin roba ƙafa ɗaya, da ƙullin ƙuliƙuli da ya zama tsakuwa. Ya yi dariya har ya zauna a kan turmi.

“Wayyo Inna! A zuba a bola kawai.”

“A bola? Shekara goma sha huɗu, duk ranar da hadari ya haɗu sai gabana ya faɗi don buhun nan.”

Malam yana gefe ya ce, “Hadari a garin nan? Wato sau huɗu ke nan.”

Ban kula shi ba. Na ce wa Mamman, “Da hannunka ka shigo da shi, da hannunka za ka fitar.” Haka Alhaji guda, da shaddarsa mai aiki, ya rungumi buhun nan ya kai mota, wandon siminti a hammata. Kowa na dariya, ni ma na yi. Amma bayan sun watse na zauna ina tunani. Mai abu ya mance yana da shi, ya ci ya yi ƙiba, ni ina nan ina gadi.

Jakar Ilu kuwa ba dariya a cikinta. Wani ɗan garinsu ya zo ya ce Ilu ya daɗe da rasuwa a arewa, ciwo ne na kwana kaɗan. Aka buɗe gaban liman. Turmin atamfa ne sabo, da kwalbar turare, da ɗan madubi. Mutumin ya ce uwarsa ya saya wa, kuma tana nan da rai, ta tsufa ƙwarai. Muka ba direba a ranar. Da mutumin zai tafi ya girgiza kai ya ce, da an sani da ta daɗe tana ɗaurawa.

Juma'a uku suka cika, ajiya ta fita tas. Na shiga ɗakin da tsintsiya ina jin kaina sakayau, sai na tsaya. Abin da ya fita kusurwa ɗaya ce, wurin da bai fi shimfiɗar akuya ba. Sauran duk yana nan, daga ƙasa har rufi. Malam ya leƙo ta bayana.

“To, amanar mutane ta fita. Wannan sauran amanar wa ce?”

Ya sa takalminsa ya tafi kanti, bai jira amsa ba.

Ina da maƙwabciya, Lalla, Buzuwa ce 'yar wajen Agadas, tare muka tsufa a layin nan. Ita duk abin da ta mallaka zai shiga akwati ɗaya, ta ce haka aka rene ta, abin da raƙumi ya kasa ɗauka ba naka ba ne. Ta shigo ta same ni zaune a bakin ƙofa da tsintsiya a cinya.

“Habsu, kayan tafiyar ne?”

“Su ne.”

“Yaushe ne tafiyar?”

“In Allah ya yi.”

“Shekara talatin Allah bai yi ba? Ko dai ya yi miki nan ne, ke ce ba ki lura ba?”

Na ce ta bar saɓo. Ta ce ba saɓo ba ne, tambaya ce. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta ce mu dai buɗe mu gani, gani ba rabuwa ba ne. Da wannan dabarar ta ci ni. Muka fara fitarwa tsakar gida. Sabulun nan mai ƙamshi ya bushe ya tsattsage kamar bakin tafki da rani. Robobin wanka zafi ya cinye su, ka ɗaga su su bar maka baki a hannu. Na zaro wani ɗan wando mai aljihu biyu na ce na Sani ne. Lalla ta tambaya shekarunsa nawa yanzu. Na ce yana da gemu da 'ya'ya huɗu.

“To aika masa, ya sa a babban yatsa.”

Da muka zo kan barguna, uku daga ciki ɓeraye sun huda leda sun yi gida, har da jajayen 'ya'ya a kwance cikin laushin da ni ban taɓa yarda na rufa da shi ba. Lalla ta tafa hannu.

“Ke kina ta damuwa! Ai ga waɗanda suka riga Rakiya yin jego a ɗakin.”

Muna ta dariya har muka kai akwatin ƙarfe na can ƙasa, wanda ya riga kowanne shiga. A gindinsa akwai takalmi baƙi na fata mai taushi. Shi ne abu na farko da na saya a garin nan. Ranar da za mu baro gida na durƙusa na auna ƙafar uwata da zare, don tana fama da faso, ƙasa na yi mata zafi in za ta rijiya. Na ce mata zan kawo mata takalmin da ba a taɓa gani ba a ƙauyen. Zaren yana nan cikin ƙafar dama, a naɗe yadda na sa shi. Ta yi shekara goma sha tara tana taka ƙasar nan bayan na saya, mota na tafiya kowane mako. Uwar Ilu ɗanta mutuwa ta hana shi kai mata. Ni ba abin da ya hana ni sai son guɗa.

To wannan shi ne kukan da kuka ji labari. Daga hantsi na fara, ban tsaya ba sai la'asar. Lalla ba ta ce mini yi haƙuri ba ko sau ɗaya. Ta hura gawayi ta dafa shayi ta ajiye gabana, ya huce ta sake dafawa. Da Malam ya dawo ya tarar da tsakar gida kamar kasuwa, ni a tsakiya da takalmi a hannu. Ya gane shi. Ya ja kujera ya zauna.

Na ce, “Malam, shekara biyun nan taka, ta cika ko da saura?”

Ya fara murmushi, sai ya ga fuskata ya fasa.

“Habsu, ni na daɗe da sauke kayana a garin nan. Kunyar gaya miki nake. Ke nake jira.”

“Da ka faɗa.”

“Da kin ji?”

Gaskiyarsa ce, da ban ji ba.

Washegari na kasa kayan uku da bakina, ba wanda ya sa ni. Masu kyau da ke da masu su a ƙauye na ɗaure, aka ɗora wa mota zuwa ga Hadiza, na ce ta raba yadda ta ga dama, wandon Sani a ba ɗansa. Kashi na biyu na aika aka kira matan ƙasarmu da suka zo kwanan nan ba su da ko tabarma, da 'yan mata biyu da ke shirin aure. Ban sai da ko tsinke ba. Kashi na uku bola da mai sayen ƙarfe, shi ya tafi da firigo a amalanke, Malam ya raka shi har bakin titi yana yi masa addu'ar sauka lafiya. Jarkoki dangin Lalla na daji suka kwashe don ruwa, gwangwanaye mijin Rakiya ya ce zai yi renon tumatir a ciki. Kun ga ashe da ranarsu, ni ce na hana ranar zuwa. Ana cikin rabo wata yarinya amarya 'yar Tasawa ta ɗaga wani murfi ta ce tana da tukunya marar murfi daidai wannan. Ta ruga ta ɗauko, aka kifa, ya zauna daram kamar tare aka ƙera su. Na aika aka kira Malam daga zaure.

“Ga ta nan ta iso. Ka ce a gaishe ta da hanya.”

Ya cire hula ya sosa kai ya ce, “Sannu da zuwa. Saura talatin da tara.”

Kwana shida bayan motar ta tafi, saƙon murya ya zo daga Hadiza. Aka kunna mini. Na ji mata na guɗa a bayanta, guɗar nan da na yi shekara talatin ina jira, ta fito ta cikin 'yar waya kamar kukan sauro. Hadiza ta yi godiya ta yi godiya, ta lissafa wa ya sami me. Sai muryarta ta sauka.

“Yaya, da na ga har da tukunyar dambu, na san ke nan ba za ki dawo ba.”

Wannan ita ce tsadar abin, ba barguna ba. Ta gane abin da ban faɗa ba, kuma gaskiya ta gane. Na sa aka sake kunna mini sau uku, sannan na amsa mata na ce ƙofata a buɗe take, yanzu ina da ɗakin baƙi.

Aka shafe ɗakin da farar ƙasa, aka buɗe 'yar tagar da ta yi shekaru a toshe, rana ta shigo har tsakiya. Rakiya ta zo saura kwana tara ta haihu. Ta tura ƙofar da ƙarfi yadda ta saba, ƙofa ta tafi ta bugi bango, saura kaɗan ta faɗi. Ta haifi 'ya mace. Na dafa ruwa da hannuna safe da yamma kwana arba'in, da busasshen ganyen bedi, wato dogon yaro, da wani direba ya kawo mini daga Arlit. Uwar mijinta ta zo suna da buhun itacenta, ta ce tunda an tara kada a yi asara. Mutuniyar kirki ce, muka ƙona shi tare.

Yanzu ku ji inda kowa ya ƙare. Alhaji Mamman yana nan da kantinsa, cokalin ginin nan ya goge shi ya rataye a bango, yana nuna wa yaransa in sun yi ƙyuya. Uwar Ilu ta ɗaura zanenta Sallah biyu kafin Allah ya karɓe ta. Hadiza ta zo sau ɗaya, ta yi wata uku a ɗakin baya, ta ce garinmu ba ciyawa amma akwai burodi, ta koma. Lalla ta bi ɗanta zuwa Agadas da akwatinta guda, muna gaisawa ta waya, har yau tambayarta ta farko ita ce me na ɓoye ƙarƙashin gado. Takalmin uwata na gwada, ya yi mini cif, na sa shi har ya mutu, na kai shi bola da kaina. Rakiya 'ya'yanta biyar, mijinta ya ƙara lambu. Malam ya rasu shekara shida bayan haka, yana maƙabartar bayan dutse, kuma na gaya wa kawunanku in tawa ta zo kada a wahalar da mota, a kai ni kusa da shi.

Ku kuwa da kuke jin wannan, bakwai daga cikinku a ɗakin nan kuka yi arba'in ɗinku. Duk wanda cibiyarsa ta bushe ta faɗi, ni na ɗauka na tona rami na binne a gindin katangar gabas, kuna wucewa ta kai kullum ba ku sani ba. Mu a wurinmu inda aka binne cibiyar mutum nan ne garinsu. Tawa tana Damagaram, guda ɗaya. Taku bakwai suna nan. Ko ban yi lekkol ba na san wanda ya fi yawa.

Ƙurunƙus. Nan zancena ya tuƙe, wanda ya ji ya gaya wa wanda ba ya nan.